Kunnen Liyarin Kakata

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar wani kamfani a nan Doha, na kusa tafka wata wauta wadda har yau in na tuna sai na dafe kai. Na ce "kusa", domin ban ƙarasa ba. Amma kada wani ya yaba min hankali, sai da aka ɗora zarto kafin hankalin ya iso.

Ga yadda abin ya faro. Kakana ya je Makka a ƙasa, da ƙafarsa. A gidanmu ana cewa shekara bakwai ya yi tsakanin tafiya da dawowa. Abin da ya dawo da shi bai wuce rigar jikinsa ba, da ciwon gwiwa, da wani ƙaton kuɗin azurfa guda ɗaya wanda muke kira liyari. Kakata ta kai wa maƙerin fari ya liƙa masa wani ƙaramin kunne na ratayewa a sama, ta zura masa zare. Tun daga nan ya zama al'adar gidanmu: duk macen da ta haihu ita za ta rataya shi, daga ranar suna har ta yi arba'in. In ta gama sai a cire, a dirje shi da toka da lemun tsami, a ajiye wa ta gaba. Kafin malamai su taso min, ba laya ba ce, ba kuma magani ba ne. Ba ya hana komai, ba ya kawo komai. Kawai dai mai jego a gidanmu ba ta jin ta cika mai jego sai da shi a wuya.

Da mahaifiyata ta rasu sai ya dawo hannuna, ni ne babba. A lokacin babu mai ciki a dangi, sai na jefa shi aljihu na taho da shi Doha. Na ce wa matata don kada ya ɓata ne. Gaskiyar magana, so nake in samu abin nuna wa mutane.

Wata Juma'a na shiga tsohuwar kasuwa, na tsaya wurin wani dattijo ɗan Yaman mai sayar da tsofaffin kuɗi. Ni karatuna na boko a aji uku ya tsaya, na allo kuwa bai kai inda zan karanta wannan rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe ba. Dattijon ya juya liyarin ya ce a Makka aka buga shi, a gidan buga kuɗin masarautar Hijaz, wadda ba ta daɗe ba ta rushe. Ya ce babu masarautar, babu gidan buga kuɗin, sai ɗan abin da ya rage a hannun mutane. Ya jawo wani kwano ya nuna min ƙannensa, ƙanana na tagulla, duk gida ɗaya suka fito.

Jama'a, daga ranar cuta ta kama ni. Wasu suna kashe kuɗinsu a kan waya, ni sai kuɗin sarautar da ta mutu. Cikin 'yan shekaru na cika gwangwanin madara da su, har da wata lambar girma ta masarautar, mai ɗan ƙyalle a sama. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai in zauna a ɗakina a unguwar Old Airport in yi musu wanka. Lemun tsami ba ya wuya. Toka ce aiki, domin a garin nan ba mai hura murhu. Sai da na ƙulla abota da wani mai gasa nama a layinmu, yana tara min a leda. Har ya bar aikin yana zaton sha nake yi.

To, ina da wani aboki likita, ɗan garinmu. Na san mahaifinsa, shi kansa sa'an ɗana na fari ne, shi ya sa yake ce min Kawu. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. A wani taron suna muka gano ashe cutarmu ɗaya, shi ma kuɗin wannan masarauta yake tarawa. Ya gayyace ni gidansa a unguwar Gharrafa, ya ce in zo da nawa.

Da na je sai ya fito da wani faranti mai shimfiɗar karan-miski, kowane kuɗi da raminsa, kowane kuma a rufe cikin 'yar roba mai haske. Ya sa farar safar hannu kamar zai shiga tiyata. Na duba kuɗin nan, baƙi ƙirin, wasu har da kore-kore. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, yaron nan aiki ya yi masa yawa, ko lokacin wanke kayansa ba ya samu.

Sai na buɗe gwangwanina na zazzage a kan tebur. Suka zubo suna walƙiya.

Ya miƙe tsaye. "Innalillahi! Kawu, wa ya yi musu wannan aikin?"

Na gyara zama. "Ni mana. Duk Juma'a, ba fashi."

"Da me?"

"Toka da lemun tsami. In kana so in zo maka da ita, akwai saura."

Ya riƙe kai da hannu biyu. "Kawu, ka kashe su! Baƙin nan da kake gani a nawa, shekarunsu ne. Shi masana suke dubawa, shi ake saya."

Na ce, "Likita, in baƙi ake saya, to tukunyar matata ta fi gidan nan naka tsada."

Bai yi dariya ba, domin idonsa ya riga ya faɗa kan liyarin. Ya ɗaga shi a hankali, yana juya shi. Sai a lokacin na lura a tsakiyar farantinsa akwai babban rami guda ɗaya, babu kowa a ciki. Ya ce shekara da shekaru yana neman irin wannan bai samu ba. Ya ce nan da mako uku masu tara tsofaffin kuɗi za su yi baje-koli a majalisar wani dattijo ɗan ƙasar, wato zauren karɓar baƙinsa, masana za su zo daga wurare, kuma in liyarin nan ya shiga ramin nan, farantinsa ya cika.

"Aro kawai, Kawu. Amma da sharaɗi. Wannan kunnen dole a cire shi, ba a nuna kuɗi da kunne. Sai a rufe shi a roba. Zan sa a buga kati a ajiye a gabansa, da sunanka, da Larabci da Turanci."

Nan ya kama ni. Sunana da Turanci, a kan kati! Ni da tunda nake ba a taɓa rubuta sunana a gaban jama'a ba sai a allon ajinmu, cikin masu surutu. Ban san lokacin da na ce masa "khalas, an gama" ba.

Kwana biyu bayan haka matata ta kira ni daga gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, ka san dai watan 'yarka ya kusa tsayawa. Haihuwar fari ce. In ka samu mai zuwa ka aiko da liyari, kada a zo suna ana 'yan dube-dube."

Na ce, "To."

"Wannan 'to' ɗin naka ban yarda da shi ba. Yana nan dai ko?"

"Yana nan, Hajiya, ina zai je? Ga shi ma a hannuna."

Ban yi mata ƙarya ba, a hannuna yake. Sauran maganar ce na haɗiye. Dabarar da na ƙulla a raina ita ce, a yanke kunnen in adana shi, a yi baje-koli a karanta sunana, in an watse in fasa robar da dutse, in sa a mayar da kunnen, in aika gida. Likita ya ji daɗi, matata ta ji daɗi, ni na ci riba biyu. Har ina yaba wa kaina basira.

Ranar Asabar da hantsi Likita ya ɗauke ni a motarsa muka tafi kasuwar zinariya, wurin wani maƙeri Ba'indiye da ya sani. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum uku sun cika shi. Maƙerin ya karɓi liyarin, ya zare zaren ya ajiye gefe, ya matse shi a wani ƙarfe, ya ɗauko zarto siriri kamar gashi. Kafin ya fara sai na ce masa da guntun Larabcina, ya yanke a hankali, domin zan dawo ya mayar min.

Likita ya juyo. "Ya mayar da me?"

Na yi kamar ban ji ba.

Maƙerin ya sa gilashinsa a ido ya duba kunnen, ya girgiza kai. Ya ce, "Ya Hajji, wannan in ya fita ba ya komawa. Ya cinye. Da ya ji wuta zai narke. In kana so in yi maka sabo, wannan ba wuya."

Na ce me ya cinye? Sai ya miƙo min gilashin ya ce in duba da kaina.

Shekara nawa ina dirje abin nan, ban taɓa ganin cikin kunnen ba sai ranar. Ta ciki, daga sama, azurfar ta yi wata 'yar kwari, sumul, ta sirance har ta kusa hujewa. Ba magagari ne ya ci ta ba. Zare ne. Zaren auduga, mai taushi, wanda za ka tsinka da haƙori. Na tsaya ina tunanin kwana nawa zare zai yi yana goga azurfa kafin ya yi mata wannan rami. Kakata, da goggonnina, da mahaifiyata sau tara, da matata, da ƙannena mata. Kowace ta sunkuya wankan jego da shi, ta ba da nono yana lilo a ƙirjinta. Ba su iya rubutu ba, ko ɗaya daga cikin tsofaffin, amma ga abin da suka bari. Ni kuma na kawo shi a yanke don a rubuta sunana a kan kwali.

Na ce wa maƙerin, "Kwance."

Likita ya ce, "Kawu, mene ne haka? Mun gama magana!"

"Mun gama, na tashe ta."

"An riga an buga kati! Na gaya wa mutane farantina ya cika!"

"To ka gaya musu ya rage."

Maƙerin dai ya ga abin ba nasa ba ne, ya kwance ya miƙo min. Na tsaya nan a gabansu na mayar da zaren, sai a karo na uku ya shiga. Likita ya kalle ni, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Matsalar rashin karatu ke nan. Abin tarihi yana hannun wanda bai san darajarsa ba."

Ya fita ya ja motarsa. Ranar na san lambar bas ɗin da ke zuwa Old Airport daga can.

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar nan ta shige ni. An sha ce min jahili, cikin wasa da cikin faɗa, ban taɓa damuwa ba. Amma daga bakin yaron da na san ranar sunansa, ta yi min ciwo. Kwana biyu ina juya ta. A rana ta uku na ce, to, tunda an buga kati da sunana, ai an gayyace ni ke nan. Ba wanda ya ce kada in zo.

Ranar baje-kolin na dirje liyarin nan har ina ganin haƙorana a ciki. Na sa masa sabon jan zare. Na ɗauko babbar rigata ta Sallah, na kafa hula, na rataya shi a wuya, a kan rigar, ba a ciki ba. Ku dubi abin: ƙato da farin gemu, da abin wuyan masu jego. Da matan gidanmu sun gan ni da sun yi mako suna dariya.

Bayan la'asar na isa. Majalisa ce babba, ga turare, ga gahawa, ga tebura a jere, kowa da farantinsa da safar hannunsa. Na yi sallama, na wuce kai tsaye teburin Likita. Ramin nan yana nan a buɗe a tsakiya. Ya cire katin. Sai na zagaya bayan teburin na tsaya daidai saitin ramin, na harɗe hannu a baya, na turo ƙirji.

Ya matso kusa da kunnena. "Kawu, don Allah, don girman Allah."

Na ce, "Ni kallo na zo yi, Likita. Nan ne iskar na'urar sanyi ta fi kaɗawa."

Duk wanda ya zo sai ya bi farantin da ido, ya iso ramin, ya ɗaga kai don ya tambaya, sai ya yi ido huɗu da abin da ya kamata ya kasance a ciki, yana ƙyalli a ƙirjina. Kafin a jima mutanen da ke teburinmu sun fi na ko'ina yawa.

Can sai ga babban masanin da ake ta jira, wani dogon Balarabe mai tabarau, kowa yana ba shi hanya. Ya duba farantin Likita ya yaba ƙwarai, ya ce an iya adana. Sannan ya nuna ƙirjina ya ce in ciro ya gani.

Na ce ba ya fita.

Ya ce to yaya zai duba?

Na ce yadda jarirai suke dubawa, ya matso.

Wani ya fassara masa. Mutumin nan da girmansa ya sunkuya, ya kafa gilashi a ƙirjina, ina jin numfashinsa. Ya daɗe. Da ya ɗago sai ya yi bayani. Ya ce na gaske ne, bugun Makka ne, kuma irinsa ba shi da yawa. Amma an lalata shi. An liƙa masa kunne, an goge fuskarsa har rubutun ya fara lafewa. Ya ce abin takaici ne, domin yanzu babu wani dillali mai mutunci da zai saye shi.

Na ga Likita ya sunkuyar da kai, wai yana jin kunya a madadina. Ni kuwa na ce, "Alhamdu lillahi! Ya Shaikh, maimaita."

Ya zaci ban gane ba, ya maimaita a hankali: ba mai saye.

Na ce, "To don Allah ka rubuta min haka a takarda. Da Larabci da Turanci. Ka sa hannu."

Ya dubi Likita, ya dube ni. Ya ce me zan yi da ita?

Na ce, "Ina da 'ya'ya maza huɗu. Gonar ubana ma da ido suke auna ta in mun wuce. Babbansu ya tambaye ni sau biyu ko nawa wannan zai yi. In na mutu da labarin cewa yana da tsada, kafin a share makoki ya bar gidan. Amma in babban masani ya sa hannu cewa ba mai saye, ya zauna ke nan."

Majalisar nan ta fashe da dariya, har mai gidan yana buga sandarsa a ƙasa. Masanin bai yi dariya sosai ba, amma ya zaro takarda ya rubuta, ya sa hannu. Bai janye ko kalma ɗaya ba, ni ma ban roƙe shi ya janye ba. Shi yana ganin ya yanke min hukunci, ni ina ganin ya ba ni takardar mallaka. Bayan haka mutane suka yi ta zuwa suna tambaya ko za su taɓa. Na ce ku taɓa, ba sai da safa ba, hannayen da suka taɓa shi sun fi naku maiƙo.

A makon na ba wani ɗan garinmu mai tafiya hutu, liyarin da takardar a ƙulli ɗaya. Ya isa saura kwana tara 'yata ta sauka. Da na je gida daga baya na tarar babban ɗana ya karanta takardar. Ya yi tsaki ya ce, "Baba, ashe ma abin nan ba a bakin komai yake ba." Na ce, "Ko kaɗan, ɗana. Bar wa mata kayansu."

Ni da Likita mun yi wata biyar ba ma ko waya. A filin Idi muka haɗu, ya durƙusa ya gaishe ni, na kama hannunsa na ɗaga shi, shi ke nan. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce ba. Har gobe in hira ta kawo sai ya ce na lalata abin tarihi, ni kuma in ce masa tarihin nasa a kurkuku yake. A kan ƙananan na tagulla da lambar girman nan, na yarda yana da gaskiya, rubutunsu ya fara gudu, na daina yi musu wanka. Amma ban gaya masa ba. In ya tambaya cewa nake kafaɗata ce ke ciwo.

Abin da har yanzu yake tsaya min a rai ba maganar da ya faɗa ba ce. Ya faɗa cikin fushi, kuma rabinta gaskiya ce, ban yi karatu ba. Abin da ke damuna shi ne ba shi ya ɗauki liyarin ya kai wa maƙeri ba. Ni na kai, da ƙafata, saboda kati. Shi ya sa in na ga mutum ya sayar da abin gidansu don a ce da shi wani ne, ba na saurin zaginsa, na san daɗin abin. Amma kuma tun daga ranar na daina jin tsoron masu safar hannu. Sun san abin da ya sa kaya yake tsada, na ba su wannan. Abin da ya sa ake ƙin sayar da shi kuwa, sai su zo su tambaye mu.

Liyarin yanzu ya zagaya wuya biyar bayan na 'yata. Matata ta ce kunnen ya ƙara sirancewa, wai in bari a yi masa sabo kafin ya tsinke. Na ce a'a. Zai tsinke, na sani, wataƙila ma ina raye. Amma in zai tsinke, a wuyan mai jego zai tsinke, ba a bakin zarto ba.